Sifiri a Allon Ɗakin Taro

…kuma wai ke ce a tsaye gaban allo, ni ina kujerar ƙarshe kusa da kwandon shara. Ke! Ke da na kawo kamfanin nan da hannuna, na roƙi Manaja ya gwada ki. Yau ke za ki nuna wa masu kamfanin jigila yawan kayan da suka ɓata musu a hanya, in sun yaba, shugabancin sashenmu ya zama naki. Kujerar da nake wa gadi tun ba ki san inda ake kunna kwamfuta ba.

Haushi nake ji. Hassada ce, na yarda, to sai me?

Ji yadda kike juya hannu… "Ba kwamfuta ɗaya ke aikin ba, garke ne." Garke! Maganata ce wannan. A ɗakin cin abinci na faɗa miki, kina tauna murfin biro — bayanan sun fi ƙarfin inji ɗaya, sai a yayyanka su, kowane inji ya ɗauki rabonsa, uwar na'ura tana nan tana ba da umarni. Kin haddace har da inda nake jan numfashi. Amma rabin karatun kika ɗauka, ƙanwata.

Don na ga kuskuren. Jiya da kika turo min kod ɗin, umarnin da kika rubuta wa injunan, "Yaya, don Allah duba min" — can sama, ɗan gurbin ƙirga, kin sa masa sifiri, kin ce duk injin da ya ci karo da kayan da ya ɓata ya ƙara ɗaya. Kayya! Gurbin nan a cikin uwar na'ura yake zaune, ba ya cikin abin da aka raba. Kwafinsa ake aika wa kowane inji. Kowa ya ƙirga a nasa, ya gama, ya watsar, ba mai dawo mata da komai. Kamar a raba wa 'yan aiki hoton tulu a ce su cika shi da ruwa. A kwamfutarki ita kaɗai ya yi aiki lafiya lau, shi ya ruɗe ki. A garke kuwa, sifiri zai fito.

Yatsana ya je kan madannai, wallahi ya je. Gyaran bai taka kara ya karya ba: a bar injunan su ƙirga, a tattaro jimla. Sai muryar Manaja ta faɗo min, "yarinyar nan akwai kai", a gabana, ko kallona bai yi ba… Na rubuta, "Na duba, ba matsala."

Danna maɓallin mana. Danna in ga fuskarki. Za su ce yaya aka yi haka, ki hau in-ina, Manaja ya waiwayo yana nemana, ni kuma in tashi a hankali, in gyara mayafi…

Kin danna. Injuna na aiki… na aiki… Sifiri.

Yauwa. Yanzu ne —

Tafi? Mai ƙaton agogon nan na cikin masu kamfanin jigilar tafi yake yi? "Ko ɗaya bai ɓata ba!" Dariya yake har da dukan tebur, wai dama ya faɗa, masu ƙorafin ɓatan kaya ne maƙaryata. Ba wanda ya tambaya. Wa zai tsaya bincikar labari mai daɗi? Ke dai kin yi turus, na ga girarki ta motsa, sai kika kalle ni. Ni kika kalla. Hankalinki ya kwanta — ai Yaya ta duba.

"Godiya ga yayata," kike cewa, "ita ta bi shi layi-layi." Duk sun juyo. Manaja na gyaɗa min kai, rabon da ya yi haka har na manta.

In na yi magana yanzu, yaushe na gani? Me ya hana ni faɗa jiya? In na yi shiru, kujerar taki ce, ƙaryar tawa, ga mutane can suna jiran kayan da aka ce ba su ɓata ba…

Hannuna ya baro cinyata, bai kai sama ba. Manaja ya gani. "Akwai ƙarin bayani ne?"

Bakina a buɗe. Ke kuma murmushi kike min.