Baƙuwar Kumasi a Jiratawa

Hidaya ta sauka a tashar Maradi ranar Talata da hantsi, ƙafafunta a kumbure bayan kwana uku a mota. Shekararta ashirin da uku, 'yar Zangon Kumasi ce, kuma ba ta taɓa ƙetare iyakar Gana ba sai wannan karon. Ta gama makarantar aikin gona, sai wata ƙungiya ta ɗauki nauyinta ta yi wata shida tana zagaya ƙasashen da ruwan sama bai wadata ba, ta ga yadda ake noman rani. Maradi ce zangon farko. Daga nan sai Damagaram, sai Agadas, sai Cadi.

Wata dattijuwa mai farin lulluɓi ta tsaya a gabanta ta ƙare mata kallo.

"Ke ce ɗiyar Alhaji Maliki?"

"Ni ne, Mma."

Dattijuwar ta tuntsire da dariya, ta rungume ta. "Ni ce za ki ce, ɗiyata. To bari, Hausar Gana ma Hausa ce. Taso mu tahi gida."

Hajiya Kubura ke nan, mai sarin goro a Sabon Gari. Shekara ashirin tana karɓar kaya daga mahaifin Hidaya, ba su taɓa ganin juna ba sai murya a waya. Amma ta share mata ɗaki, ta ɗaura sabon gidan sauro, har ta sa an nemo doya don kada baƙuwa ta yi kewar abincin gida.

Doyar ba ta ciwu ba. Zafin watan Maris ya danne Hidaya a kan tabarma har la'asar, kanta na sarawa, leɓɓanta na tsagewa. Ta kira mahaifiyarta ta ce ba ta jin za ta iya wata shida a haka. Uwar ta ce ta sha ruwa ta kwanta, a yi maganar bayan mako guda. Da rana ta yi sanyi ta leƙa ƙofar gida, sai ta tarar unguwar ba ta ma san an yi zafi ba: maƙera na walda, teloli na taka keke, 'yan kabu-kabu na ratsa tsakanin amalanken albasa, yara na dawowa daga lakwal, wato makarantar boko, suna waƙa da Faransanci. Ta daɗe a tsaye tana kallo, har ta ɗan ji kunyar wayar da ta yi.

Washegari Hajiya ta kai ta Tsibiri gaida ƙanenta Inusa, manomin gero. Hidaya ta damƙi ƙasar gonarsa, ta zube ta tsakanin yatsunta. Rairayi ne zalla.

"Kawu, a nan gero yake fitowa?"

Sai Inusa ya buɗe mata rumbu. Damman gero ne jere har baki, na bana a sama, na bara a ƙasa. Sannan ya nuna mata itatuwan gawon da ya hana a sare, ya ce ganyensu da kashin dabbobin da ke hutawa a inuwarsu su ne takinsa. Ta taɓa karanta wannan a littafi, amma ba ta taɓa shan furar da aka dama da geron ba. Ta shanye ƙwarya guda.

Ranar Alhamis ce ta aiki. Da sassafe aka sauke ta a Jiratawa, ta tsaya baki buɗe. Bayan duk rairayin da ta wuce, ga kwari shimfiɗe kore shar, zogale da albasa da tattasai da alkama, ruwa na gudu a magudanan siminti daga rijiyoyin pampo. Shugaban koperatib, ƙungiyar manoman wurin, ya haɗa ta da Tsahara, wata mace siririya mai kimanin shekara arba'in, wadda ke noman zogale a filin da mijinta ya bar mata da ya tafi ci-rani. Ran nan layinta ne na ban ruwa. Awa uku kacal ake ba kowa, wanda layinsa ya wuce sai bayan kwana huɗu.

Hidaya ta buɗe littafinta tana tambaya, Tsahara na amsawa tana jan ƙasa da fartanya. Ba su yi rabin awa ba sai suka ji wani ƙara. Gefen ƙaramar magudanar ƙasa ya ɓalle, ruwa ya saki hanyarsa ya nufi filin maƙwabcinta, wani tsoho mai suna Barmo, inda irin albasarsa bai fi kwana goma da tsirowa ba. Shi kuwa Barmo ya tafi jana'iza cikin gari.

Tsahara ta yar da fartanya. Ta ruga ta rufe bakin ruwan tun daga sama, wanda hakan ya yanke wa nata zogalen ruwa gaba ɗaya. Sauran ruwan da ke cikin magudana bai daina kwarara ba, sai ta faɗa cikin ɓarakar ta zauna, ta tare da bayanta.

"Baƙuwa! Laka! Ɗebo laka!"

Hidaya ta ajiye littafi a kan kunya ta shiga har gwiwa. Tana cusa laka da ciyawa, ruwa na kwashewa, tana sake cusawa. Maza biyu suka iso da buhunan ƙasa. Kafin a gama toshewa a daddale, sama da awa biyu ta tafi, lokacin Tsahara ya ƙare, mai kula da pampo ya juya ruwa ga na gaba.

Suka zauna a inuwa jiƙe sharkaf. Hidaya ta dubi zogalen da ya fara langaɓewa.

"Yaya, naki fa? Kwana huɗu zai yi ba ruwa."

"Zogale na da haƙuri," in ji Tsahara, tana matse zanenta. "Irin albasa ba ya da shi. Da ya nutse, Baba Barmo ba shi da wani bana."

Da azahar Barmo ya dawo. Ya zagaya filinsa, ya ga inda ruwan ya tsaya taku biyu daga irin, ya ga sabuwar laka. Ya zo ya tsuguna kusa da su.

"Tsahara, gobe layina ne. Ki zo da wuri ki fara, in kin ƙoshi ki sako mini."

"To, Baba. Ya mai rasuwa, an kai shi?"

"An kai shi. Allah shi jiƙan shi." Ya juyo ga Hidaya. "Wagga ɗiyar wa ce, da laka har kunne?"

Magana ta ƙare a nan, ba godiya mai tsawo, ba wanda ya kira shugaba. Hidaya ta ɗauki littafinta don ta rubuta abin da ta gani, ta rasa a ƙarƙashin wane babi za ta sa shi.

A takardar tafiyarta kwana uku aka rubuta wa Jiratawa. Ta rubuta wa ƙungiyar ta roƙi ƙari, suka amince. Ta yi kwana goma sha shida tana zuwa kullum daga Sabon Gari, ta koyi yankan zogale daidai gaɓar da zai sake tofowa, ta koyi gane ƙishin ƙasa da tafin ƙafa. Ranar da za ta wuce, Tsahara ta bar gona ta biyo Hajiya Kubura har tasha, ta miƙa mata ƙullin busasshen ganye ta taga.

"In kin isa Damagaram ki nemi ƙanwata Saudatu, a bayan babbar kasuwa take. Na gaya mata kina zuwa."

Direba ya tada mota.