Ƙulli Uku a Zaren Mani

Ni ne Sama'ila mai agogo. Shekara arba'in ina kafa tebur a kasuwar Dogon Dutsi, kuma ƙaryar da na yi a ciniki ta fi gaban lissafi. Duk ɗan kasuwar da ya ce maka bai taɓa yi ba, ka ce masa ya tafi can ya ba mu wuri. Amma guda ɗaya ce ta hana ni sakat har yau.

Shekara ta biyu bayan Turawa sun miƙa mulki, agogo ya samu kasuwa. Kowane komi, wato magatakardan ofis, so yake a ga ƙyalli a hannunsa, ko da bai san ƙarfe nawa ba. Na tafi Kano na saro masu zagaye guda ashirin, sannan na tsaya zaɓar wa kaina. Wuni guda na yi a kantin nan, har mai kantin ya fara tsaki. Na gwada babba mai zagaye, sai yawo yake a hannuna. Na gwada mai kusurwa huɗu, kaifinsa ya kama hannun rigata. Can ƙasan akwati na ga wani, shi ba zagaye ba, shi ba mai kaifi ba, gefensa a kumbure kamar matashin fata na dukawa. Da na ɗaura shi, sai ya kwanta luf. Na rantse wanga ba na sayarwa ba ne, da shi zan shiga ofis komi su miƙe su ba ni kujera.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, wani mutum ya tsaya gaban teburina, dogo, ƙafafunsa duk kaushi. Ya ce sunansa Mani, daga wani ƙauye bayan Kiyeshe, tun asuba yake tafiya. Ya daɗe yana duban agoguna bai taɓa ko ɗaya ba.

Na ce, "Bawan Allah, kallo ka zo ko saye? Kana tare mini iska."

Ya ce, "Mai tebur, mai kamar matashi nike so. Ba zagaye ba."

Irin wanda ke hannuna ke nan. Na ja hannun rigata ya sauko har bisa yatsu.

Sai ya ba ni labari, a hankali, idonsa a ƙasa. Matarsa Lantana ce ba lafiya, wata huɗu tana ramewa. Sun kai ta ga likita a nan gari, an ba ta ƙwaya, ba ta ji sauƙi ba. Sai wata tsohuwa mai suna Baturiya, wadda ke riƙe da bori a ƙauyensu, ta sa anka yi goge. Iskan da ya sauko ya ce shi Kumandan ne, cikin iskokin nan masu shigar soja. Ya ce agogo yake so, irin wanda kumandan na Turawa ke ɗaurawa da, mai kamar matashi, kuma Lantana ta ɗaura shi a hannunta, ya zauna daram. Tun daga ranar ta daina cin abinci, ta ce ba abin da zai wuce mata wuya sai an biya wa iskan bukatarsa.

Ni mai salla ne, sha'anin bori dariya yake ba ni, kuma na yi dariyar. Na ce, "Iska da agogo! Ofis zai tafi? To ga mai zagaye, duk ƙarfe ɗaya suke bugawa."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Iska ba ya karɓar madadi, mai tebur. In ya ce baƙar akuya, ja ba ta yi."

Ya zaro wani farin zare daga aljihu, da ƙulli guda a jikinsa. Ya ce awon hannunta ne, don maɗaurin ya yi daidai. Na naɗa zaren a yatsuna uku, ya kusa cika.

Na ce, "Haba! Wanga ai hannun yarinya ne."

Ya ce, "Matata ce. Ta haifi biyar."

Wallahi na ji abin a raina. Amma ran Litinin mai zuwa akwai taro a ofis, an ce za a zaɓi wanda zai riƙa kawo wa ma'aikata kaya, ni kuwa na riga na ga kaina a wurin da agogona. Sai na ce masa irin wannan babu, amma kayana na tafe daga Birnin Kabi, ya dawo Juma'a ta sama. Ba wani kaya da ke tafe. Ya yi godiya, har da rusunawa, ya tafi.

Taron ofis kuwa, tir! Wuni na yi a tsaye bakin ƙofa, ba wanda ya dubi hannuna, wani Bazabarme anka ba aikin.

Juma'a ta zagayo, sai ga Mani. Ya miƙo zaren, na ga ƙulli na biyu, ƙasa da na farko da kamar faɗin yatsa. Ya ce, "Na sake awo, kada a huda ba daidai ba."

To ka ji inda shaiɗan ya hau kaina. Taro ya wuce, ba abin da agogon nan zai ƙara mini. Amma in na zare shi yanzu, ya san ƙarya na yi masa waccan Juma'a, ga maƙwabtana 'yan tebur sun kasa kunne. Kunyar minti guda na guje wa. Na ce motar kaya ta lalace a hanya, ya ƙara haƙuri mako guda. Rana na dukan ƙeya, gumi na tsiyaya cikin hannun rigata, na ƙi naɗe shi. Mani ya dubi teburin, ya dube ni, ya ce Allah ya kawo motar lafiya.

Makon nan ban ji daɗin tuwo ba. Ina murɗa agogon da safe, sai in ga zaren. Ran Alhamis na cire shi, na goge, na naɗe a takarda don ya yi kama da sabo.

Juma'a ta uku ya iso da hantsi, ya rame shi ma. Zaren na da ƙulli uku. Na ce, "Albishirinka, kaya sun iso!" Na ja shi wurin Sha'ibu baduku. Sha'ibu ya gwada zaren a maɗaurin, ya ga ƙulli na uku ya wuce duk hudar da ke jiki, ya sa basilla ya yi sabuwa can kusa da ƙarfen. Ya ƙi karɓar ladan aikinsa. Na nuna wa Mani yadda ake murɗawa kowace safiya. Ya kwance kuɗin ɗan marakin da ya sayar, ya biya, ni kuma na karɓa. I, na karɓa, kada ka zaci na yi wani abin kirki. Ya sa agogon cikin hularsa ya kama hanya yana sauri.

Ran nan har goro na raba, ina jin na sauke nauyi.

Juma'a ta huɗu ina shirya kaya, inuwa ta faɗo bisa teburina. Mani ne, kansa a aske. Ya ajiye agogon a gabana, agogon na tafiya daidai, bai ɓata ko minti guda ba. Ashe kullum yana murɗa shi yadda na koya masa.

Na ce, "Ya mai jiki?"

Ya ce, "Na iske ana wankanta. Da hantsi ta cika, ina nan wurinka."

Na ce innalillahi. Na ɗauki agogon na duba maɗaurin. Hudar Sha'ibu na nan sabuwa ful, ƙarfe bai taɓa shiga cikinta ba. Na fara lalube aljihu ina cewa bari in maida masa kuɗinsa, ina cewa motar nan ce ta cuce mu, da ta iso da wuri...

Ya ɗaga hannu ya tsai da ni. Ba faɗa, ba zagi, da ma ya zage ni.

Ya ce, "Bar zancen mota, mai tebur. Tun ranar farko na gane shi a hannunka, sa'ad da ka miƙa ka karɓi zare. Ta tambaye ni mi ya hana, na ce mata mai shi na sanye da abinsa. Mu a wurinmu ba a roƙon mutum abin da ke jikinsa. Sai munka jira ka cire."

Ya ajiye zaren kusa da agogon, ya juya ya shiga cikin 'yan kasuwa. Kuɗin ma bai waiwaya ba.

Ban san ko agogo na tsai da mutuwa ba, malamai sun ce ba ya yi, ni ma haka na yarda. Amma na san mace ta yi mako biyu ba ta ci ba tana jiran in naɗe hannun rigata. Agogon na nan cikin akwatina, ban sake ɗaura shi ba, ban sayar ba. Zaren ma na nan. Na auna tsakanin ƙulli na farko da na uku ya fi sau ɗari, faɗin yatsa biyu ne.