Ranar da Na Hana Murtala Yafiya

Ni na fara gani. Duk Gyaɗi-Gyaɗi har ka faɗa Tarauni babu wanda ya riga ni, kuma masu cewa yanzu wai su ma jikinsu ya ba su, ƙarya suke, a lokacin dariya suke yi. Ni Tanko mai wankin hula ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba, amma shekara arba'in da ɗoriya kawunan mutanen unguwar nan suna bi ta hannuna.

Murtala ɗan adaidaita ne, mutum mai shiru-shiru. Damunar bara ruwa ya shafe titi, ya afka lambatu da keken, ya fito jage-jage yana kuka yana kiran mahaifiyarsa. Auwalu mai cajin waya yana wurin. Maimakon ya miƙa masa hannu, sai ya ɗaga waya ya ɗauke shi. Kafin la'asar abin ya zaga gari, har kiɗa aka sa masa. Mai keke ya karɓe abinsa. Aka laƙaba masa suna Kwaɗo, manya su kira, yara su amsa. Matarsa Safiya ta gaji da tsegumin matan gida, ta tafi gidansu. Ya daina zama a majalisar ƙofar shagon Auwalu, inda samari wajen ashirin suke cin abinci tare bayan sallar Juma'a, kuma ko mutum ɗaya bai taka ya tambayi dalili ba.

Da zaman banza ya ishe shi, sai ya shiga ƴan sintirin unguwa. Shugabansu Garba ya ba shi bindiga ƙirar gida mai baki biyu, irin wadda in an ɗura mata ƴaƴan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan, take watsa su kamar ana yafa iri. Ofishinsu ko ƙofar kirki ba shi da ita, don haka kowa da tasa yake tafiya gida.

Ranar wata Alhamis da hantsi ina cikin sa sitaci, sai ga Murtala da hulunansa huɗu. Na ce gobe da safe ya zo ya karɓa. Ya ce, "A'a Baba, ba wanki ba ne. Ka ba wanda ba shi da ita." Sannan ya durƙusa ya ce in ya taɓa yi mini wani laifi in yafe masa.

Namiji ba ya rabar da hulunansa duka yana da rai, magada ne suke raba su. Na ce masa, "Je ka, hannuna da kumfa." Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ina kallonsa yana bin layi, daga mai kanti zuwa tela zuwa mai faci, kowa yana neman yafiyarsa kamar mai tafiya aikin Hajji. Suna ta tsokanarsa: "Kwaɗo, jirgin yaushe? A taho mana da dabino!" Kowa ya ce ya yafe. Shago ɗaya kawai ya tsallake, na Auwalu.

Zama ya gagare ni. Na bar huluna a ruwa na tafi gidan mai unguwa, aka ce yana wurin sasanta rikicin fili, in dawo Asabar. Na wuce wurin Garba, na same shi yana yankan farce.

"Garba, karɓi bindigar nan daga hannun Murtala yau."

"Me ya yi?"

"Ya rabar da hulunansa."

Ya yi dariya har da buga ƙafa. "Baba Tanko, hayaƙin gawayin guga ya hau maka ka. In kwance wa mutum bindiga saboda hula? Duk cikinmu babu mai ladabinsa."

Na je wurin Auwalu na ce gobe su tashi majalisa, shi kuma ya je ya ba Murtala haƙuri. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Wasa ne fa, Baba. Mutum dubu nawa suka kalla, ni kaɗai zan ba da haƙuri?" Na buga ƙofar ɗakin Murtala sau uku, shiru. Na yi tunanin ƴan sanda, na ce in na je me zan ce, hula? A ranar nan, hular wani alhaji na ƙone da dutsen guga, abin da ban taɓa yi ba tun ina saurayi.

Ranar Juma'a ana sallamewa na yanko gida, ko addu'a ban tsaya ba. Rumfata tana bakin lungun da dole ya bi in zai je shagon Auwalu. Daga inda nake ina hango su sun kewaye faranti, shinkafa da wake, ana ta shewa. Can sai ga shi, kai babu hula, da darduma a naɗe a hammata. Dardumar ta yi tsawo, kuma ba ta lanƙwasa.

Na sha gabansa. "Murtala, jiya ban ba ka amsa ba. To ban yafe ba."

Ya tsaya cak. Idonsa jajir. "Baba, matsa. Me na yi maka?"

"Ranar Laraba ta ƙarshen azumin bara ka wuce da kekenka a guje, ka fantsama ruwan kwata a kan hula goma sha biyu da na shanya. Ko waiwaye ba ka yi ba. Ban yafe ba, kuma in ka mutu yau, da shi za ka tashi."

"Don girman Allah, Baba."

"Allah ba ya yafe haƙƙin wani, kai da ka yi allo ka fi ni sani. Kana so in yafe, shigo rumfa ka zauna."

Ya dubi majalisa, ya dube ni. Mutumin da ya bi gida-gida yana share hanyarsa, ga tsoho ɗaya ya tokare ta. Ya ce, "Ka san wata nawa rabon da wani ya kira ni da sunana?" Na ce, "Ni yanzu na kira." Na kama bakin dardumar. Ya ja, na ja. Shekarata saba'in da shida, amma hannun da ya saba matse hula ba ya saki. Sai ji na yi daram, ƙafata ta hagu ta ɗauki wuta, na zube, amma bindigar tana ƙarƙashina.

Masu shinkafa suka watse, Auwalu ya bar takalminsa. Murtala bai gudu ba. Shi ya cicciɓe ni yana kuka, shi ya tare keke ya kai ni asibiti, a can aka kama shi. Na gaya wa masu bincike gaskiya yadda take, har da abin da unguwa ta yi masa wata takwas. Yanzu yana hannun hukuma, likita yana ganinsa. Bindigogin sintiri kuwa an yi musu akwatin ƙarfe mai makulli biyu. Auwalu ya zo duba ni da lemo, na ce ya kai wa Murtala. Har yau bai je ba.

Likita ya ciro boris bakwai daga ƙafata, ya ce biyu sun yi nisa, a bar su. Duk mai musu ya zo rumfata, zan ɗage masa wando ya danna da yatsansa. In bai ji ƙarfe yana motsi ba, ya kwashe hulunan da ke kan igiya ya tafi da su, ni zan ji da masu su.