Sauran Tokar Somasiri

Hemalatha ta durƙusa a bakin tafkin Tissa, ta kwance farin ƙyallen da ya rufe bakin tukunyar, ta karkata ta a hankali. Tokar gawar mijinta ta ɗan tsaya a saman ruwa tsakanin ganyen bado, sannan ta nutse. Ta dakata ko za ta ji wani abu a ranta. Abin da ta ji kawai shi ne ƙaiƙayin cizon matsattsaku a idon sawunta, tsarabar da ta samo jiya a kurmin Deniyaya, inda ta zuba kashi na farko.

Saura na teku.

Mijinta Somasiri ne ya tsara abinsa haka tun yana gadon asibiti. Duk ranar cikar wata, mutanen kirki na sa fararen kaya su tafi haikali, shi kuwa sai ya ɗauki laima da ƙunshin shinkafa ya hau bas, ya sauka inda kwalta ta ƙare, ya kama tafiya a ƙafa. Yau kurmi, wata mai zuwa zagayen tafki, na gaba bakin teku. Ba ta taɓa binsa ba ko sau ɗaya. Mutum da gidansa da kujerarsa, ya je yana ciyar da matsattsaku da jininsa.

"Kaɗan a kurmi, kaɗan a tafki," ya ce da ita ranar. "Sauran ki kai ni jar ƙasar Ussangoda, ki ba teku da hannunki. Kuma a bas fa, Hema. Kada yaran nan su sa ni a mota mai sanyi, zan yi mura."

"Matacce da mura?"

"Ke dai ki yi yadda na ce."

Ta mayar da tukunyar cikin jakar cefane, ta ɗora laima da gorar ruwa a kai, ta nufi tasha.

Bas ɗin Tangalle ya cika tun kafin ya bar tasha, mafi yawa masu dawowa daga ziyarar haikalin Kataragama, da jan zare a wuyan hannu da kwandunan 'ya'yan itace. Kwandastan, wani dattijo mai tsinin gashin baki, yana dukan jikin motar.

"Ku matsa gaba! Akwai fili a tsakiya, har a yi wasan ƙwallo. Mama, shigo, motar gaba ta fi wannan cika."

Ta shiga ta kama ƙarfen sama da hannu ɗaya. Ba ta gama daidaita tsayuwa ba ta ji an zare jakar daga ɗaya hannun. Wata yarinya ce zaune a kujerar da ke kusa da ita, mai tsohon ciki, ta ɗora jakar a cinya ba tare da ta ko ɗaga kai ba. Haka ake yi: na zaune ya riƙe kayan na tsaye, babu tambaya, babu godiya. Hemalatha da kanta ta riƙe wa mutane buhun albasa, da jakar makaranta, har da jariri.

Uwar yarinyar na gefen taga, kuma irin matan nan ce da ba sa iya zama kusa da baƙo ba su ba shi tarihin gidansu ba.

"Daga wajen Ubangijin Kataragama muke," ta ce da Hemalatha. "Sau biyu cikin Sanduni yana zubewa. Wannan karon mun yi alkawari, mun fasa kwakwa, ta fashe tsaf. Ko gidan rasuwa ban bari ta leƙa ba tun da ta samu cikin. Kawunta ya mutu, na ce ta zauna a gida, masu surutu su yi."

"Inna, ya isa," in ji Sanduni. Ta ɗan gyara jakar a kan cinyarta, ta jingina ta da cikin. "Mama, me kika sayo haka da nauyi? Kindirmon Tissa ne?"

Hemalatha ta dubi jakar, ta dubi cikin. Ta san abin da ya kamata. Wanda ke ɗauke da toka ba ya barin mai ciki ta taɓa, balle wadda ta fito daga ziyara. Kalma biyu ce za ta faɗa ta karɓi kayanta. Amma in ta faɗa, uwar za ta tashi hankalin motar, direba ya taka birki, a sauke ta a tsakiyar gonakin gishiri da rana tsaka. Ba ma tsoron hakan ne ya hana ta ba. Bakinta ne ya yi nauyi, yadda ya yi tun ranar da aka kunna wutar ƙona gawar Somasiri.

"Tukunya ce," ta ce.

"Na faɗa. Nasu ya fi na ko'ina daɗi."

A Hambantota mutane suka ƙara shigowa. Kwandasta ya yi ta tura na tsaye baya, Hemalatha ta matsa, ta sake matsawa, har ta tsinci kanta kusa da ƙofar baya tsakanin wani soja da buhun shinkafa. Kiɗa na tashi daga gaban mota. Ta tsaya da hannu biyu a ƙarfe, tana kallon bayan wuyan wani, ba ta tunanin komai. Rabon da ta samu hutu irin wannan tun kafin asibiti.

"Nonagama! Masu Ussangoda!"

Ta sauka. Ta bi hanyar da ta ratsa gidajen masunta, ta wuce shanu, ta hau tudu. Filin ya buɗe a gabanta, ja wur, babu itace ko ɗaya, teku na bugun duwatsu can ƙasa. Ashe nan Somasiri yake zuwa. Ta taka har bakin gangaren, iska na kaɗa zaninta, ta sunkuya za ta ajiye jaka.

Babu komai a hannunta.

Ta duba hannun dama, ta duba na hagu. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi gudu ba. Ta juya ta koma bakin titi da irin tafiyar da ta zo da ita.

Mai shagon shayi a mahaɗar ya saurare ta yana goge kofi.

"Shuɗiyar nan mai hoton ɗawisu? Ta Tangalle ce, can za ta juyo ta dawo ta nan. Zauna, Mama. Jaka ba ta ɓata a bas ɗinmu. Akwai kuɗi ciki?"

"A'a."

"To ai shi ke nan."

Ya kawo mata shayi da guntun mazarƙwaila. Ta sha, ba ta ji zaƙi ba. Motoci suka yi ta wucewa, inuwar shagon ta miƙe har tsakiyar titi.

Da la'asar shuɗiyar motar ta dawo. Ba ta ma ɗaga hannu ba direba ya tsaya. Kwandastan ya sauko da jakar, ya riƙo ta da hannu biyu, duk barkwancin ɗazu babu. Tana karɓa ta ji ba nauyi.

"Mama, ki yi haƙuri," ya ce. "Yarinyar ce ta buɗe don ta ga ko akwai lambar waya. Sai ga farin ƙyalle. Uwarta ta kusa cinye ni ɗanye. Direba ya ce shi ba zai ƙara taku ɗaya da abin nan a motarsa ba, ga hotunan alloli a gabansa."

"Ina tukunyar?"

"A gadar shiga Tangalle muka tsaya, inda rafi ke faɗawa teku. Akwai wani tsoho mai fararen kaya a motar, ya san karatun. Shi ya sauka ya zuba, ya saki tukunyar a ruwa. An yi shi da mutunci, na rantse. Har kiɗa muka kashe."

Ta gyaɗa kai.

"Yarinyar fa?"

"Tana ta kuka. Uwar ta ce za ta yi mata wanka da lemun tsami da kurkur, gobe su koma Kataragama daga farko." Ya shafa gashin bakinsa. "Gaskiya, Mama, mun ɗauka da gangan kika bari. Akan yi. Wani hannunsa ba ya iya zubawa, sai ya bar wa jama'a."

Direba ya danna oda. Kwandastan ya tsaya yana jiran ta ce eh ko a'a. Ita ma ta nemi amsar a cikinta, ba ta samu ba.

"Na gode, ɗana," ta ce.

Ta tsallaka titi ta tare motar Matara, hanyar gida. Ita ma cike take, ba wurin zama. Ta tsaya a tsakiya, kafaɗu ta ko'ina, tagogin duk sun ɓuya a bayan mutane. Ta ce da sabon kwandastan ya gaya mata in an zo gadar Tangalle, ya ce to, ya wuce gaba yana karɓar kuɗin mota.

Can sai ta ji ƙarar tayoyi ta sauya a ƙarƙashin ƙafafunta, ta yi kauri na ɗan lokaci, ta koma yadda take. Ta sunkuya ta leƙa ta ƙarƙashin hannun wani mutum. An riga an wuce gadar, shagunan gari ne ke wucewa, da masu sayar da kifi suna ta tattara kayansu.