Sarƙa a Ƙafafun Baya

Mijina Oddvar bai taɓa yarda da tayar hunturu ba. Yana sa wa motarmu ita ne kawai don kada 'yan sanda su dame shi, amma a wurinsa kayan 'yan birni ce, masu bin titin da aka share musu ƙanƙara aka barbaɗa gishiri don kada ya yi santsi. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan tankar madara daga gona zuwa gona a kwarin nan namu, abu ɗaya ya sani: in hanya ta yi tudu ta yi santsi, a sauka a ɗaura wa taya sarƙa. Ko kofi baƙo ya zo sha sai ya sha wannan karatun. Ni kam na haddace shi, har gyara masa nake in ya yi tsallake.

'Yarmu Tordis ce ta fara maganar a karɓe masa makullin mota. Wai ya fara mantuwa, wai ta gan shi a kanti yana zagaye bai san abin da ya kawo shi ba. Na ce mata wa bai taɓa yin haka ba? Raina ya ɓaci sosai, don na san in aka raba Oddvar da tuƙi an gama da shi. Ranar har waya na kashe mata.

Wata Lahadi ƙanwata ta gayyace mu cin abincin rana a gonarta, can saman dutse. Ƙanƙara ta kwana tana zuba. Muna gaba, ina rungume da kek a cinya, Tordis tana bin mu a motarta. Da muka iso gindin tudun Oddvar ya tsaya kamar yadda ya saba. Tordis ta zuge gilashi ta ce ya hau kawai, tayarsa ta isa.

"Ke wuce da takalman rawarki," ya ce mata, yana nuna tayoyinta. "Mu masu aiki sai mun ɗaura ɗamara."

Ba ta wuce ba. Ya durƙusa cikin ƙanƙara ba ko safar hannu, ya shimfiɗa sarƙa, ya zagayo da ita, ya ɗaure tamau. Kafin ka ce me ya gama, aiki tsaf. Daɗi ya kama ni, har na waiwaya na yi wa Tordis kallon kin gani ko.

Mun hau lafiya har kwanar da ke saman kogi. Nan motar ta fara kuka tana ƙin gaba. Oddvar ya murza sitiyari, ita kuwa ko a jikinta, hancinta ya zame ya nufi gefe a hankali, ina ganin ruwan baƙi ƙirin a ƙasa yana matsowa. Tulin ƙanƙarar da motar share titi ta tara a bakin hanya ne ya tare mu, kek ɗin ya kife a ƙafata.

Tordis ta taho da gudu, ta fito da ni, ta zagaya wajen ubanta. Sai na ga ta tsaya cak tana kallon ƙasa. Na bi idonta. Sarƙar tana ƙafafun baya, ɗaurarriya gwanin kyau. Motarmu kuwa da ƙafafun gaba take ja, tun ranar da muka saye ta. Tankar madara ce ake ɗaura wa a baya.

Na ce a raina kuskure ne, kowa yana yi. Ina shirin faɗar haka da ƙarfi sai Oddvar ya zagaya bayan motar yana lalube, hankalinsa a tashe, yana tambaya ko madarar ta zube. Ya juyo ya dubi Tordis, yarinyar da ya koya wa tuƙi a kan wannan tudun, ya cire hularsa cikin ladabi.

"Baiwar Allah, taimaka ki matsar da motarki. Mutanen Haugen suna jirana, madararsu za ta lalace."

Gonar Haugen ta sayar da shanunta tun Tordis tana makaranta.

Tordis ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba, na gode mata da wannan. Ta kama hannunsa ta ce ya zo ta rage masa hanya. Ni na leƙa cikin motarmu na zare makullin, na dunƙule shi a hannun dama.

Muna cikin hawa a motar Tordis, wadda ta wuce kwanar ba ko tangarɗa, ya dawo hayyacinsa. Ya fara shafa aljihunsa ɗaya bayan ɗaya, ya juyo baya inda nake zaune.

"Gunnvor, ba ki ga makullina ba? Kwanan nan ban san me ke damuna ba, sai in ajiye abu in rasa."

"Yana wurina," na ce.

Ya miƙo hannu. Na kama hannun na riƙe da nawa na hagu, na dama kuwa ban buɗe shi ba.