Safayar da Baba Ya Ce a Ɗauka

Shekara talatin da huɗu Baba ya yi yana jan tankar mai, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Abokan aikinsa A Hankali suke kiransa, don ba ya wuce sittin ko da hanya ta zama tasa shi kaɗai. Ni ne autansa, kuma ni ne na je na sayo motar da ba ta iya komai ba sai gudu.

Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Tun ina ƙaramin ma'aikaci a kamfanin waya nake mafarkinta. Ranar da na kai ta gidan Yaya, inda Baba yake zaune tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, sai da maƙwabta suka leƙo saboda rugugin injin. Yaya ta fito da ludayi a hannu, ta zagaya motar sau ɗaya.

"Auta, wannan mota ce ko takalmi? Ina za ka sa mata da 'ya'ya?"

"Sai na samu matar tukuna, Yaya."

"Da wannan? Duk wadda za ta shiga ai sai ta yi rarrafe."

Muka turo Baba a kekensa na marasa lafiya har bakin ƙofa. Tun da ciwon ya same shi harshensa ya yi nauyi, maganarsa tana fita a tattaune. Yaya ce take jinsa sarai. Ni rabi nake kamawa, don ba kullum nake zuwa ba. Bai kalli fentin ba, bai kalli kujerun fatar ba. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna baya, ya ce in buɗe but.

Na buɗe. Wani ɗan rami ne da bai fi ya ɗauki jakar tafiya ɗaya ba. A gefe akwai gwangwanin gam da ɗan famfon lantarki.

"Ina safaya?"

Na yi masa bayani. Na ce irin waɗannan motocin ba sa zuwa da safaya, don a rage musu nauyi. In ƙusa ta huda taya, sai a ɗura gam a ba ta iska a ci gaba da tafiya.

"In ta yage fa?"

"Sai a kira waya, a zo a ja motar."

Ya dube ni. Sannan ya ce wa Yaya ta mayar da shi ciki, rana ta dame shi.

Abin ya tsaya mini a rai. Na fi wata guda ina bin masu sayar da taya. Wannan ya ce babu, wancan ya kawo wadda ba ta hawa saboda girman birkin motar. A ƙarshe wani dattijo ya samo mini wata siririya, baƙa, kamar tayar babur, an rubuta tamanin a jikinta da rawayan fenti. Ya ce kada in wuce hakan in na ɗaura ta. Da ita da jak da sifana suka cika but ɗin taf, ko takalmi ba zai ƙara shiga ba.

Da na nuna wa Baba sai ya matsa ta da babban yatsansa, ya ji iskarta, ya gyaɗa kai. Ya ce, "To. Yanzu za ka kai ni."

"Ina, Baba?"

Tsohuwar hanyarsa yake nufi. Bayan ma'ajiyar man da suke lodi a da, akwai wani wuri da titi ya miƙe ɗoɗar, ba kwana ba gari, har sai an kusa shigowa birninmu. Ya ce yana so in kai shi can, in juyo, in taka motar iya ƙarfinta.

Yaya ta saki baki. "Kai, Baba! Kai da ka hana mu hawa keke a gangare? Likita ya ce ko ɗaga murya kada ka yi."

"Ba murya zan ɗaga ba. Zama zan yi."

Sai maganar keken Baba ta taso. Ko an naɗe shi ba ya shiga but sai an fitar da safaya. Na ce a ajiye safayar na yini ɗaya kawai, tayoyin sababbi ne fil. Baba ya ce a ajiye keken. Yaya ta ce in ya so sauka fa? Ya ce yana da ɗa namiji. Ta kalle ni, na kalli ƙasa. A ranar Asabar da safe ta shirya shi, ta sa masa hularsa, ta ba ni maganinsa a leda da gorar ruwa, ta maimaita mini lokacin sha har sau uku.

Ni na ɗauke shi na sa a motar. Ban taɓa ɗaukarsa ba sai ranar. Mutumin da yake ɗaga tayar tanka ya jingina ta da gwiwa, sai ga shi a hannuna ba nauyi, ina jin ƙasusuwan bayansa ta cikin riga. Na ɗaura masa bel, na gyara masa hannun daman a kan cinya.

Mun bi ta sabuwar hanya, wajen awa biyu, sannan muka karya muka fito a bakin ma'ajiyar. An rufe ta da daɗewa. Ciyawa ta cinye filin da tankoki suke layi, ƙofar ƙarfen ta karkace. Baba ya ce in rage gudu, ya kalla, bai ce in tsaya ba. Ya ciro tsohon agogonsa daga aljihu ya riƙe a tafin hannu.

Ba mu yi nisa ba. Akwai wata 'yar gada kafin miƙaƙƙiyar hanyar, kuma a bayanta ruwa ya ci kwalta ya bar rami mai kaifin baki. Na gan shi a makare. Motar ta yi wata ƙara kamar an buga guduma, sitiyari ya fizge zuwa dama. Da kyar na lallaɓa na sauka gefe.

Tayar gaba ce. Gefenta ya yage, yatsuna uku suna shiga. Na tsaya da gwangwanin gam a hannu ina kallonsa kamar wawa. Wayata ba ta da layi ko ɗaya. Da na leƙa ta taga sai na ga Baba yana dariya da rabin bakinsa, har yawu ya zubo masa a haɓa. Na goge masa da hankici.

"Ka taɓa canja taya?"

"A'a."

"Shekararka nawa?"

"Talatin da takwas."

"Fitar da ni."

Na cire rigata ta sama na shimfiɗa a ƙarƙashin wata bishiya, na zaunar da shi na jingina shi da gindinta. Daga nan ya riƙa ba ni umarni. Motar ta yi ƙasa sosai, jak ya ƙi shiga. Ya ce in nemo faffaɗan dutse in sa a gaban tayar, in hau kansa a hankali. Ya ce in sassauta noti kafin in ɗaga, ba bayan na ɗaga ba. Wani lokaci sai ya faɗi abu sau uku ban gane ba, ransa ya ɓaci, ya bugi ƙasa da hannu. Wani noti ya ƙi motsi har na fasa fatar yatsana.

"Taka da ƙafa. Ba biro ba ne."

Na taka sifanar, notin ya yi kuka ya saki. Da na ɗaura siririyar sai ya sa na ɗaure notocin ɗaya nan ɗaya can, ba a jere ba. Zufa ta jiƙe ni sharkaf. Ya ce, "Ka yi." Iyakar yabon ke nan, kuma na ji shi har cikin ƙirjina.

Sai wata matsalar da babu wanda ya yi tunaninta a cikinmu. Tayar da na cire ta ninka safayar biyu a faɗi. But ya ƙi ɗaukarta, ko ta wane gefe na juya ta. Kujera biyu ce, kuma ba zan ɗora wa Baba wannan nauyin a cinya ba. Na ce mu ɓoye ta a bayan bishiya in dawo gobe. Ya ce shi bai taɓa barin ƙarfe a daji ba.

Muna cikin haka wata babbar mota ta tsaya. Direban, wani kakkauran mutum mai fara'a, ya sauko yana tambaya ko lafiya. Birninmu za shi, ya yarda zai kai mana tayar garejinsu. Baba ya gyara zama, fuskarsa ta washe. Ya nuna motar mutumin, ya fara yi masa magana a kan tayoyin bayanta, da lodi, da sunan da ake kiransa a wannan hanyar. Direban ya sunkuya ya kasa kunne, sannan ya juyo gare ni.

"Me tsohon yake cewa?"

Na ce, "Shi ma direba ne. Tanka ya ja."

"Allah sarki. Allah ya ba ka lafiya, Baba." Ya faɗa da ƙarfi, kamar wanda yake magana da kurma. Ya jefa tayar a bayan motarsa, ya ba ni lambarsa, ya tafi.

Na ɗauki Baba na mayar da shi mota. Na ba shi maganinsa, ya sha.

Muka hau miƙaƙƙiyar hanyar. Kamar yadda ya faɗa take, shimfiɗe har ƙarshen gani, babu kowa. Injin yana gurnani a ƙarƙashin ƙafata, ni kuwa ina riƙe da shi a tamanin. Na ce ko in ɗan ƙara? Ya ce abin da aka rubuta a tayar shi za a bi. Ya mayar da agogon aljihu.

Can ya ce, "Ka san ranar da uwarku ta rasu?"

Shekarata biyar a lokacin. Abin da nake tunawa kawai shi ne mutane da yawa a tsakar gida da wata mata da ta ɗauke ni.

Ya yi maganar a hankali, yana hutawa a tsakani, kuma a wannan karon ban rasa kalma ko ɗaya ba. Ya ce yana ma'ajiya an gama masa lodi aka kira waya ofis, aka ce jikinta ya tashi, tana kiransa. Babu wata mota a filin sai tasa, cike da fetur. Ya hau. Ya zo wannan hanyar, ba kowa a kanta kamar yau, ƙafarsa tana kan totur. Bai wuce sittin ba. Ya ce ya riƙa tuna garuruwan da ke gaba da abin da yake ɗauke da shi. Da ya isa gida an riga an rufe mata fuska.

"So nake in ga minti nawa mai gudu yake yi a nan. Shi ke nan."

Na ce, "Baba, ko a jirgi ka zo ba za ka same ta ba." Ban san ko gaskiya na faɗa ba. Shi ma ya san ban sani ba. Ya juya yana kallon gonaki ta taga.

Na ce za mu dawo da zarar an sa sabuwar taya. Ya ce to.

Irin tayar ba a samunta a kasuwa, sai da aka yi odarta. Ta yi mako biyar kafin ta iso. Satin da aka ɗaura ta aiki ya riƙe ni, na ce sai Asabar ta sama. Asabar ɗin aka tura ni taro wani gari. Ranar Laraba da hantsi ina ofis Yaya ta kira, ta ce Baba ya faɗi a banɗaki. Na same shi a asibiti da rai, ya yi kwana tara kafin ya cika, amma bai sake magana ba. Na gaya masa a kunne cewa taya ta zo. Ban sani ba ko ya ji.

Bayan mutane sun watse, wata rana da la'asar muna ɗakinsa ni da Yaya muna naɗe kayansa. Tana ware rigunan da za a bayar, ina sa su a buhu. Sai na ba ta labarin abin da ya faɗa mini a hanya. Ta tsaya da riga a hannu. Ashe bai taɓa gaya mata ba, ita da ta yi shekara shida tana yi masa wanka.

Na ce, "Ke kina ɗakin ranar da uwarmu ta rasu. Da daɗewa ta cika kafin ya shigo?"

Ta zauna a bakin gadon. Ta ce ta tuna an aike ta ɗebo ruwa, ta tuna ƙarar tankar a bakin layi, don ba ta iya shigowa lungunmu. Ta tuna ya shigo da gudu, karon farko da ta ga Baba yana gudu, takalminsa ɗaya ya cire a zaure. Abin da ke tsakani ne ta kasa kamawa.

"Shekarata goma sha ɗaya, Auta. Kuma babu agogo a ɗakin."

Ta goge idonta da bakin mayafi, ta miƙo mini rigar. Ta ce wannan kada in sa a buhu, za ta yi mini daidai in an rage hannun.