Dogon Saƙon Mma Sanatu

"Riƙe wayan da kyau, Rahma. Hannunki na rawa kamar ke ne mara lafiya."

Ba hannuna ke rawa ba, 'yar jaririya Mubarika ce ke jan zanena tana neman miƙewa tsaye. Na ture ta a hankali da gwiwa, na kai wayar kusa da bakin Mma Sanatu. Tana jingine da bango a kan katifarta, ƙafafun sun kumbura har silifa ba ya shiga, amma bakin nan nata yana nan daram.

"Salamu alaikum, 'yan guruf. Ni ne dai, Sanatu na Maamobi. Na san kun gaji da ni paa, sosai ma, amma ku yi haƙuri, wannan ba zai yi tsawo ba."

Na san zai yi tsawo. Ni nake danna mata wayar duk ranar Alhamis, domin ɗakina na kallon nata a gida ɗaya, kuma keken ɗinkina a ƙofar ɗaki yake. Mma ba ta iya karatu ba, saƙon murya take aikawa. Sai ta gaida kowa, ta ba da labarin gwiwarta, ta yi tsiya kan tsadar gero, sannan ta iso kan abin da ya kawo ta. Kafin ta iso ɗin, ni mai riƙe waya hannuna ya sage.

Guruf ɗin na 'yan unguwarmu Maamobi ta Accra ne a WhatsApp, na gida da na waje, har da waɗanda ke Jamus da Amurka da Italiya. Jamiu, mai gyaran waya a kasuwar Circle, shi ne shugaba. Kowace Juma'a yakan zaɓi buƙata ɗaya ya maƙala ta a sama, kowa ya tura abin da Allah ya hore masa. Ba zan ci haƙƙinsu ba, sun yi abin kirki. Sun rufa wa Islamiyyar lungunmu kwano, sun biya wa wani direban tasi aikin ido, sun haƙa mana rijiyar burtsatse. Sharaɗinsu ɗaya ne, a turo hoto. Na waje an sha damfararsu da marasa lafiyar ƙarya, don haka ban ga laifinsu ba.

Buƙatar Mma kuwa 'ya'yan kayaye ce, 'yan matan nan na arewacin Gana masu dakon kaya a ka cikin daro. Lokacin da take sayar da koko da ƙosai kusa da Kasuwar Malam Atta ta ga wata yarinya, Zelia, da doya cike da daro a ka, ga jaririya a baya wuyanta na lilo a rana. Mma ta tare ta, ta kwance goyon, ta ce ta zo ta karɓa da yamma. Jaririyar ita ce Mubarika. Zelia ta gaya wa ƙawarta, ƙawar ta gaya wa wata, kafin mu farga barandar Mma ta cika da yara. Ba ta karɓar ko sisi. Abin da take roƙon guruf shi ne a samo mace mai ƙarfi a riƙa biyanta ta taya ta, a kuma yi wa yaran inuwa, don barandar ta yi kaɗan.

Jamiu ya zo har gida kan maganar.

"Mma, hoto ɗaya kawai. Ko daga baya ne, wallahi mutane za su ba da."

"Dabi, a'a. Uwayensu sun ba ni amana ne, ba su ba ni na nuna wa Jamus ba. Wasu ma a ƙauye ba a san sun haihu ba. Wanda ya so ya gani, ya zo ya ɗauki ɗaya, ya yi masa fitsari a riga, ya gani."

Jamiu ya yi dariya ya tafi, buƙatar Mma kuwa ba ta taɓa hawa sama ba. Tana aika saƙo, sai ka ga alamar ɗaga hannu da "Allah ya saka" sun sauko tun kafin a ce mutum ya ji sallamarta. Abin yana ƙona mini rai. Ita ko a jikinta, sai ta ce in duba mata wa da wa suka amsa, ta sa musu albarka.

Saƙon ranar nan ya fi kowanne tsawo, don tana yi tana hutawa. Ta kira yaran ɗaya bayan ɗaya, wanda ke haƙori, wanda ba ya shan koko sai an hura, wadda ke tsoron akuya. Can ta gyara zama ta ci gaba.

"Likita ya ce ƙodan ya gaji. Ni ma na gaji. Ba na tsoron tafiya, Allah ya sani. Abin da ke hana ni barci, in na tafi, yaran nan kasuwa za su koma a bayan uwayensu. Rana na Accra ba na jariri ba ne. To, na faɗa muku. Abdul-Mumin, in kana ji, ka riƙa sa rigan sanyi."

Abdul-Mumin ɗanta ne tilo, yana Hamburg. Ɗakin da barandar gadon ubansa ne. Yana turo kuɗin magani ba fashi, yana kiranta duk Lahadi, amma labarin yaran bai taɓa shiga kansa ba. A ganinsa tsohuwa ce ke rage kaɗaici.

Da safiyar Talata ta cika. Uwayen sun ajiye yaran sun wuce kasuwa, na shiga da ruwan zafi zan gasa mata ƙafa, ta ce in bar ƙofar a buɗe tana so ta ji hayaniyarsu. Na bari. Ina matse tawul ta fara kalmar shahada, na taya ta, na ga hannunta ya saki gefen zanen. A waje wani yaro na buga murfin tukunya da cokali. Na daɗe a durƙushe kafin na iya tashi na kira mutane, don Mma ta fi maƙwabciya a wurina. Ita ta karɓi haihuwata, ita ta wanke mahaifiyata.

Bayan la'asar aka kai ta. Abdul-Mumin ta waya ya ga sallar, Jamiu na riƙe masa, shi kuwa yana can yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Washegari na fito shara na tarar da Zelia da sauran a bakin ƙofar gida, kowace da daro a hannu da goyo a baya. Sun yi cirko-cirko, ba su shigo ba, ba su tafi ba.

"Anti, mun zo gaisuwa ne," in ji Zelia, idonta a ƙasa. "Za mu tafi da su. Mun san yanzu babu wuri."

"Wa ya ce miki babu wuri? Kwance mini ita."

Na faɗa ne da ƙarfin hali, don ban san yadda zan yi da su ba, ga ɗinkin biki jibge a kan kekena. Allah ya taimake ni da zaman makoki. Duk matar da ta shigo ta'aziyya, tana gama "Allah ya jiƙan Mma" sai in ɗora mata yaro a cinya. Hajiyoyin unguwar Kanda da leshinsu mai tsada, sai ga su suna jijjiga 'ya'yan kayaye suna share musu hanci. Amma na san makoki ba ya dawwama, ranar da aka watse ni kaɗai zan rage.

A guruf kuma wani abu ya faru da ban zata ba. Jamiu ya sa sanarwar rasuwa, addu'o'i suka yi ta zuba. Sai kewar muryarta ta kama mutane, suka riƙa komawa baya suna buɗe tsofaffin saƙonninta, wannan karon har ƙarshe. Wata Nasiha daga Amurka ta amsa wani saƙo na daminar da ta wuce, hankalinta a tashe, tana tambaya ko jaririn nan mai tari ya samu sauƙi, za ta turo kuɗin asibiti yanzun nan. Na dubi mai tarin, ga shi can ya yi ƙato yana kokawa da ɗan akuya. Na yi dariya har da hawaye, ban san na dariyar ba ne ko na kukan.

Sai dai tausayi a waya daban, wuri daban. Wurin na Abdul-Mumin ne, shi kuma bai faɗi abin da zai yi da shi ba.

Ya sauka ana jibi addu'ar bakwai. Ya yi niyyar yi wa uwarsa addu'ar da za a daɗe ana labari, ya sa aka kakkafa rumfunan kanofi tun daga tsakar gida har bakin lungu, aka jibge kujerun roba, aka sayo sa. Wannan ban ce komai ba, ɗa ne, kuma a Zongo wanda ya dawo daga Turai ya yi addu'a ƙarama sai an yi da shi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da hantsi na ga shi da mai walda suna auna barandar da tef, suna tsallake yaran.

"Abdul-Mumin, me ake aunawa?"

"Anti Rahma, shago zan yi a nan. In na koma ba wanda zai zauna, gara a sa ƙofan ƙarfe a ba da haya. Yaran nan kuma, uwayensu su nemi wani wuri. Mma ya yi iyakan ƙoƙarinshi."

Ni na ɗinka wa yaron nan wandon makarantarsa na farko, don haka ban tauna masa magana ba.

"Ka ji saƙonta na ƙarshe?"

Ya kau da kai. "Ban iya ba, Anti. In na ji muryanshi yanzu, zan faɗi."

"To ka faɗi, ga tabarma. Kowa a guruf ya ji, har waɗanda ba su san kalar ƙofarta ba. Ka ji, sannan ka sa ƙofarka, ba zan ƙara cewa komai ba."

Ya sallami mai walda ya ce ya dawo anjima. Ya zauna a bakin barandar, ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya danna.

"Salamu alaikum, 'yan guruf. Ni ne dai, Sanatu na Maamobi."

Hayaniyar barandar ta ɗauke ɗif. Mai cokali ya saki cokalinsa. Duk suka juyo. Mubarika, wadda tun ranar Talata take leƙa ɗakin tana fitowa, ta rarrafo da sauri ta dafa gwiwar Abdul-Mumin ta miƙe. Ta kama wayar da hannu biyu, ta juya ta, ta leƙa bayanta. Ba ta ga kowa ba, sai ta kwantar da kumatunta a kan gilashin tana cewa, "Mma. Mma."

Bai ƙwace wayar ba. Ya ɗauke ta ya ɗora a cinya, sauran suka kewaye shi, suka ji saƙon tare har ƙarshe. Da aka zo kan rigar sanyi ya kifa fuskarsa a bayan yarinyar, kafaɗunsa na rawa. Na koma kan kekena na ba shi wuri.

Da yamma shi ma ya yi nasa saƙon, a barandar, yaran na ihu a bayansa. Gajere ne. Ya ce ɗakin da barandar ya bar wa yaran, ba hoto, wanda ke shakka ya turo ɗan'uwansa ya zo ya gani. Ya ce saura mai kula da su. Jamiu bai jira Juma'a ba, a take ya maƙala shi a sama. Na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba, na kuma ji haushin cewa ba ta nan ta sa in karanta mata sunayen masu amsawa.

Zelia ce ta kawo mana Abiba, tsohuwar kayayo da wuyanta ya daina ɗaukar kaya, mace mai haƙuri da faɗin baya. Guruf ya ɗauki nauyin albashinta da kokon safe. Nasiha ta ce sabulu da magani nata ne, ta kuma roƙi a gaishe mata da mai tari.

Aka yi addu'a, aka ci sa, aka watse. Washegari masu kanofi suka zo da motarsu suka kwance rumfunan lungu, suka loda kujeru. Da suka shigo tsakar gida za su kwance ta ƙarshe, Abdul-Mumin ya ja ogansu gefe, suka yi ƙus-ƙus, suka tafa. Motar ta tafi ba ita.

Da azahar na ɗago daga ɗinki. Rana ta take tsakar gida, amma ƙarƙashin rumfar da malamai suka zauna jiya akwai inuwa mai faɗi. Abiba ta shimfiɗa tabarmi, yaran sun baje suna barci, wani ƙafarsa a kan cikin wani. Zelia ta dawo daga kasuwa shayarwa, ta kife daronta ta zauna a kai, gammo na kanta har yanzu. Mubarika na sha, ita kuma barci ya fara ɗibarta a zaune.